Ina Filin Kwamfutarka Ya Tafi?

Jama'a, a Minna, babban birnin Jihar Neja, inda aka kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a 1983, kuma inda hedkwatar hukumar jarrabawa ta NECO take, yawancin aikin ofis da na makaranta ya koma kan kwamfuta. Haka abin yake a sauran biranen ƙasar nan. Amma sau da yawa ma'aikaci ko ɗalibi yakan share takardu masu yawa, duk da haka na'urar ta ce masa ma'ajiya ta cika. To, mene ne dalili?

Yadda ake rabon fili

Ka ɗauki faifan ajiya tamkar Kasuwar Kure ta Minna: rumfuna jere, ga kuma littafin da ake rubuta sunan mai kowace rumfa. A yawancin kwamfutoci rumfa guda tana ɗaukar bayit 4,096, wato wajen harafi dubu huɗu. Wasiƙa mai harafi 2,000 ita kaɗai za ta kama rumfa sukutum, ragowar filin kuwa ya tafi a banza.

Haka kuma lissafin masu ƙera faifai ya sha bamban da na Windows. Faifan da aka sayar maka a kan gigabayit 500, wajen 465 za ka gani. Ba cutarka aka yi ba, mudun awon ne ba ɗaya ba.

Me sharewa take yi?

Abin da ka share kwandon shara yake tafiya, kuma yana nan riƙe da rumfarsa. Idan ka juye kwandon, sunan kawai aka soke daga littafi. A tsofaffin faifai masu juyawa kayan suna nan har sai sabon ɗan haya ya shigo. Sababbi irin na SSD kuwa sukan kwashe su da wuri.

Saboda haka wanda ya sayar da tsohuwar kwamfuta ba tare da ya goge ta sarai ba, yana iya miƙa wa baƙo hotunan iyalinsa da asirin ofishinsa. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa masu riƙe da bayanan jama'a nauyin tsare su.

Abin da ya kamata ka yi

1. Ka riƙa juye kwandon shara, amma ka duba cikinsa tukuna.
2. Ka fara da manyan kaya, kamar bidiyo, domin su ne masu cin fili.
3. Kada ka taɓa fayil ɗin da ba ka san aikinsa ba. Wataƙila da shi na'urar take tashi.
4. In ka share abu bisa kuskure, dakatar da aiki nan take, ka nemi gwani.
5. Ka ajiye kwafin muhimman takardu a wani wuri dabam.

A tuna, jama'a, rigakafi ya fi magani.