ZAZZAƁIN SHAWARA: SAURO BAI IYA KARANTA KATI BA

 

Kwanan baya wani bawan Allah mai shirin Umara ya zo wurina neman maganin ƙarfin jiki. Na tambaye shi ko ya yi allurar shawara. Sai ya yi dariya, ya ce ai kati na aljihu, wani ne ya yo mashi, allura ko bai gan ta ba. Na ce Alhaji, ma'aikacin filin jirgi ke duba kati, sauro bai iya karatu ba. Shi ya sa na ga ya dace mu yi wannan darasi.

*Wace shawara ake nufi?*

Mu nan duk wanda idonsa ya yi rawaya sai mu ce shawara ce. To ka sani, rawayar ido alama ce kawai, cututtuka da yawa na kawo ta. Wadda nake magana a kai sauro ke ɗauko ta daga jinin mutum ko na biri ya zuba wa wani. Baƙin sauro ne mai zanen fari a ƙafafu, kuma da rana ya fi cizo. A ruwa mai kyau yake ƙwai: randa, duro, tsohuwar taya, kaskon kaji.

Bayan cizo da kwana 3 zuwa 6 sai zazzaɓi, ciwon kai, ciwon baya da amai. Mafi yawa sukan warke cikin kwana 3 ko 4. Amma wasu, sai an ce alhamdulillahi jiki ya yi sauƙi, kafin kwana ɗaya ta dawo da ƙarfinta: ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu, jini ta hanci ko baki ko cikin amai. Waɗanda suka kai nan, kusan rabinsu ba su tashi. Allah Ya tsare mu.

Kada ka ɗauka labarin nesa ne. Cutar ta sake ɓullowa a Nijeriya a 2017 a Jihar Kwara. A 2019 ta kama waɗanda suka je yawon buɗe ido dajin Yankari a Bauchi, kuma a shekarar ta shigo jiharmu, har maƙwabtanmu na Matazu suka yi rashi.

*Gaskiya tsakanina da Allah*

Na daɗe ina harkar saiwa da ganye, na san rawaya, na san abin da iyayenmu ke jiƙawa. Amma babu saiwa, babu rubutun sha, babu habbatus sauda da zan ce maka ta tsaya a madadin wannan allura. Asibiti ma ba su da maganin da ke kashe ƙwayar cutar, tallafa wa jiki suke yi har Allah Ya kawo sauƙi. Saboda haka rigakafi shi ne abin yi. Ka tuna Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, da ya ji annoba ta sauka a Sham ya juya da jama'arsa Madina, kuma ba wanda ya fi shi tawakkali a cikinmu.

*Ga matafiyi*

1. Allura ɗaya ce, kuma ta isa har ƙarshen rayuwa. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta daina cewa a sabunta bayan shekara 10.
2. Katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da allurar. Kada ka bari sai an kira jirgi.
3. Ka karɓi katin a ofishin lafiya na gwamnati mai kula da shige da fice, kamar na filin jirgin Malam Aminu Kano, bayan an tsira maka allurar da gaske.
4. Saudiyya na neman katin daga alhazan Nijeriya. Su ba su da cutar, amma irin sauron yana nan Jidda da Makka. In ka shiga da ita a jininka, haƙƙin baƙin Allah ka ɗauka. Katin bogi ha'inci ne, ya za ka fara ibada da ha'inci?
5. Fatake masu zuwa Gana, Kamaru ko kurmi, da direbobi da masu cirani, ku ma ta shafe ku.

Mai ciki, mai shayarwa, wanda ƙwai ke tayar wa da cuta mai tsanani, da wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, su fara gaya wa likita. Haka mu da muka haura 60, in ba mu taɓa yi ba. Jariri kuwa a wata 9 ake masa, kyauta, a asibitin sha-ka-tafi. Maigida, yau ka ce uwargida ta ɗauko katin yara ka duba da idonka.

*A cikin gida*

A rufe randa da duro, a riƙa wanke su duk mako. A kife kwano da gwangwani, a kawar da tsofaffin tayoyi. Yaro in zai yi barcin rana a sa shi cikin gidan sauro. Hayaƙin ganyen bedi na rage sauro, amma taimako ne kawai.

In ka ga zazzaɓi tare da rawayar ido, kada ka tsaya jiƙe-jiƙe, kada a ba shi asfirin don yana ƙara zubar jini. A kai shi babban asibitin Kankiya ko mafi kusa, addu'a kuma na biye.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya kai matafiyanmu Ya dawo da su lafiya. A tura wa 'yan uwa, musamman maniyyata.

Ɗan uwanku a Musulunci, daga Ƙofa.