AUSTIN: ƘARAMIN GARIN DA ƘWAYA TA JIJJIGA, DA ABIN DA KIMIYYA TA KOYA DAGA GARE SHI

A kudancin jihar Indiyana ta ƙasar Amurka akwai wani ɗan gari mai suna Austin, a cikin gundumar Scott, gefen babbar hanyar motar da ta nufi birnin Louisville. Mutanen garin ba su wuce 4,200 ba, wato bai fi wata unguwa guda ta birnin Kano ko Zariya ba. Kafin shekarar 2015 da wuya a sami wanda ya san sunansa a wajen jihar. Amma a wannan shekara sai ga shi a bakin likitocin duniya, domin a can ne cutar ƙanjamau ta ɓarke a tsakanin masu yi wa kansu allurar ƙwaya, irin ɓarkewar da ba a saba gani a ƙauyukan Amurka ba.

Su Wane Ne Mutanen Garin?

Masana yaɗuwar cututtuka ba su fara bincike da ƙwayar cuta, sai sun fara ƙidaya mutane: nawa ne, mece ce sana'arsu, yaya zurfin karatunsu. Rahoton da Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka, wato CDC, ta fitar a 2015 ya nuna cewa kashi 19 cikin ɗari na mutanen gundumar Scott suna cikin talauci, kashi 8.9 ba su da aikin yi, sannan kashi 21.3 na manya ba su gama sakandare ba. Ga kuma ƙarancin likitoci da wuraren gwajin jini.

A da, ba a samun sababbin masu ɗauke da ƙwayar HIV da suka kai biyar a shekara a duk gundumar. Amma daga Nuwamban 2014 zuwa Nuwamban 2015 an tabbatar da mutum 181, daga baya adadin ya haura 200. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na waɗannan mutum 181 suna ɗauke da ciwon hanta nau'in C kuma. Abin tausayi, an tarar da gidajen da kaka da ɗa da jika suke yin allurar tare.

Yadda Laifi da Cuta Suka Haɗa Kai

Ƙwayar da ta jawo wannan masifa maganin ciwo ce mai suna Opana, daga dangin ofiyom, wato 'yar uwar kodin da taramadol, sai dai ta fi su ƙarfi nesa ba kusa ba. Da farko niƙa ta ake yi a shaƙa. A 2012 aka sauya ƙirarta domin ta yi wuyar niƙawa, sai mashaya suka koma narka ta suna zuƙa da sirinji. Ƙwaya ɗaya tana da tsada ƙwarai a bayan fage, don haka mutane da yawa kan haɗa kuɗi su saya su raba. Wasu kan yi allura sau huɗu har zuwa goma sha biyar a yini. Wanda ba shi da aiki kuwa, kuma jikinsa yana neman ƙwaya kowace 'yan sa'o'i, ina zai samo kuɗin? Nan sata ta shigo, wasu mata kuma suka shiga karuwanci.

Daɗin daɗawa, dokar jihar ta haramta riƙe sirinji ba da takardar likita ba. An yi dokar ne don hana shaye-shaye, amma sai ta sa sirinji ya yi wuyar samu, allura ɗaya ta riƙa zagaya hannuwa da yawa, jinin wannan yana shiga jikin wancan. A watan Maris na 2015 gwamnan jihar na lokacin, Mike Pence, ya kafa dokar ta-ɓaci kan lafiya, aka yarda a riƙa karɓar tsofaffin allurai ana ba da sababbi, ana kuma gwada jini a wurin. Yawan masu kamuwa ya ragu sosai. A 2017 aka janye wannan nau'in Opana daga kasuwa. A 2021 kuma mahukuntan gundumar suka kaɗa ƙuri'ar rufe shirin musayar alluran, duk da roƙon da ma'aikatan lafiya suka yi.

Me Ya Sa Dainawa Ke da Wuya?

A cikin ƙwaƙwalwar ɗan Adam akwai wasu 'yan gurabe da sinadaran rage ciwo na jiki ke zama a kansu, kamar mabuɗi cikin kwado. Dangin ofiyom suna shiga waɗannan gurabe, su kashe ciwo, su sa a saki sinadarin jin daɗi mai suna dofamin fiye da ƙima. Idan abin ya yawaita sai ƙwaƙwalwa ta saba, ƙwaya ɗaya ta daina isa, sai biyu, sai uku. Ranar da aka rasa kuwa sai gumi da amai da gudawa da ciwon gaɓoɓi da rashin barci. A wannan mataki mashayi ba daɗi yake nema ba, gudun azaba yake yi. Shi ya sa likitoci suke ɗaukar jarabar ƙwaya a matsayin ciwo mai daɗewa, kamar hawan jini ko ciwon suga.

Matakan Magani

Mataki na farko shi ne likita ya duba majiyyaci sosai: wace ƙwaya yake sha, tun yaushe, kuma ko akwai wata cuta tare, kamar ciwon hanta ko ciwon damuwa. Sai a lallaɓa jiki ya wuce kwanakin azabar rashin ƙwaya a ƙarƙashin kulawa. A nan mutane da yawa suke kuskure, su ɗauka an warke. Wanke jiki ƙofa ce kawai. Wanda ya yi makonni bai sha ba, jikinsa ya manta sabon da ya yi, idan ya koma ya sha adadinsa na da, numfashinsa na iya tsayawa. Wani bincike da aka buga a 2007 kan fursunonin jihar Washington ya gano cewa a mako biyun farko bayan fita kurkuku, haɗarin mutuwarsu ta dalilin ƙwaya ya ninka na sauran jama'a fiye da sau ɗari. Ashe ɗauri kaɗai ba magani ba ne.

Mataki na biyu shi ne magunguna. Metadon, wanda likitoci biyu, Vincent Dole da Marie Nyswander, suka gwada a birnin New York a shekarun 1960, yana zama a gurbin ƙwayar a hankali, ya kwantar da ƙishirwarta ba tare da bugarwa ba idan an auna shi daidai. Bufrenofin yana yin kusan wannan aiki, kuma haɗarinsa ga numfashi bai kai na metadon ba. Bincike ya nuna cewa waɗannan biyun suna rage mace-macen mashaya da kusan rabi, kuma tun 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa su cikin jerin muhimman magunguna. Naltirekson kuwa toshe gurbin yake yi. Akwai kuma nalokson, maganin gaggawa da ke farfaɗo da wanda ƙwaya ta tsayar wa numfashi cikin 'yan mintoci.

Mataki na uku shi ne shawara da gyaran zama: a koya wa mutum gane abin da ke tunzura shi, a jawo iyalinsa, a nema masa sana'a. Masana sun ce jinyar da ba ta kai wata uku ba amfaninta kaɗan ne. Kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na majiyyata kan koma su sha, amma wannan alama ce ta a gyara jinyar a ci gaba, kamar yadda ake yi wa mai hawan jini.

Darasi Gare Mu

Binciken da aka yi a Nijeriya a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 sun sha ƙwaya a shekarar da ta gabata, miliyan 4.6 daga cikinsu dangin ofiyom ne irin taramadol da kodin. Gurbin da Opana ta kama a ƙwaƙwalwar mutumin Austin shi ne wanda waɗannan suke kamawa a nan gida. Saboda haka malamin da ya ga ɗalibinsa yana gyangyaɗi kullum, yana rama, karatunsa yana ja da baya, kada ya tsaya ga bulala ko kora. Ya kira shi gefe, ya sanar da iyayensa cikin sirri, a kai shi sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na asibiti mafi kusa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.