Kyanwar Lami Ta Gamu Da Kare

Hausawa sukan yi wa mutumin da ba shi da kaifi kirari da cewa kyanwar Lami, ba cizo ba yakushi. A wurinmu karin magana ne kurum. Amma a Amurka da Kanada akwai kyanwoyin Lami na gaske, masu yawa kuwa, waɗanda iyayengijinsu suka kai su wurin likitan dabbobi aka fid da faratansu ɗungum, don kada su yayyage kujerun falo da labule. Muddin irin wannan kyanwa tana cikin ɗaki ƙofa a rufe, sai a ga kamar ba abin da ya same ta. Ranar da ta sulale waje ta yi kiciɓis da karen maƙwabci, ran nan ne akan san abin da aka raba ta da shi.

Kada mai karatu ya ɗauka muna nufin irin aikin da mai yankan farce yakan yi wa mutum a bakin kasuwa, a rage tsawo, bayan mako biyu ya sake tofowa. Farcen kyanwa daga jikin ƙashin ƙarshe na yatsa yake tsirowa, saboda haka ba yadda za a hana shi fitowa sai an datse ƙashin nan a gaɓa. Wanda yake so ya gane sai ya dubi hannunsa, ya ƙaddara an guntule masa kowane yatsa daga gaɓar da ke ƙasan farce. Kyanwa tana da farata 18, biyar biyar a ƙafafun gaba, huɗu huɗu a na baya, galibi kuwa goman gaba akan cire. Ga shi kuma ita halitta ce mai tafiya bisa kan yatsu, watau wurin da aka yanke ɗin nan shi za ta riƙa takawa har iyakar ranta.

To, bari mu dubi abokin gaba. Kare da ya hangi ƙaramin abu yana gudu, jininsa ne ke gaya masa ya bi, ko da kuwa yanzu ya tashi daga kan akushi. In ya cim mata sai ya cafki wuya ko gadon baya, ya ɗaga ta sama ya girgiza, girgizar nan kuwa ita ce kisan. Haƙoransa 42 ne, nata 30, kuma babban kare yakan ninka ta nauyi sau biyar ko fi. Likitocin dabbobi sun daɗe suna gargaɗi game da cizon kare, cewa abin da ido ke gani kaɗan ne: 'yan huji biyu ko uku a fata, alhali a ciki haƙarƙari ya karye, nama ya ɗaye daga ƙashi, wani lokaci har huhu ko hanji ya fashe. Kyanwa takan kuɓuta ta tafi da ƙafarta, ta shige ƙarƙashin gado, kashegari a tarar da ita ta sanƙare.

Dabarun kyanwa a gaban kare hawa hawa ne. Da fari barazana: ta gantsare baya, gashi ya miƙe, wutsiya ta kumbura, tana huci, don ta zama kamar ta fi girmanta. In wannan bai yi ba sai ta kai masa mari a hanci ko a ido. Marin nan ba wasa ba ne, gama ana yawan kai 'yan kwikwiyo asibitin dabbobi da yagar farce a ƙwayar ido. Duk da haka da wuya mari ya kashe faɗa. Amfaninsa shi ne kare ya ja da baya na ƙiftawar ido, ita kuwa abin da take nema ke nan. Kyanwa tana iya gudun wajen mil 30 a sa'a, amma na ɗan taƙaitaccen wuri ne, numfashinta bai kai na kare ba. Tilas ne kafin ta gaji ta sami abin hawa.

A nan ne babban aikin farce yake. Lanƙwashe yake kamar ƙugiya, yana ɓoye cikin kube sai an bukace shi. In ta daka tsalle kan itace, na gaba su ke kama ɓawo su riƙe nauyinta, na baya su tunkuɗa ta sama, kafin kare ya iso gindi ta kai reshe. Lanƙwasar nan ce ma ta sa akan ga kyanwa ta maƙale a sama tana kuka, don ƙugiyoyin ba su riƙe ta in ta juyo da kai ƙasa, sai ta koyi saukowa da baya da baya. Kare kuwa sai haushi a ƙasa har ya gaji ya tafi. A ganinmu, wanda ya kira farcen kyanwa makami ya faɗi rabin gaskiya, tsani ya fi dacewa da shi.

Wadda aka yi wa wannan fiɗa ba ta san an kwashe mata tsani ba. Takan kai marin nan kamar yadda ta gada, sai dagi ya sauka a fuskar kare kamar dunƙulen auduga. Takan yi tsalle ta rungumi itace, sai ta zamo ta faɗo a gabansa. Gaskiya ne waɗansunsu, da yake faratan baya suna nan, sukan iya hawa itace mai kaushi ko wanda ya karkata, ko su tsallaka gajeren shinge. Amma da jinkiri suke yi, tsakanin kyanwa da kare kuwa jinkirin taki ɗaya ya isa. Abin da ya rage mata shi ne ta kwanta rigingine tana shuri da ƙafafun baya, ta ba shi ciki ke nan, ko kuwa ta yi cizo, ta kai wuyanta kusa da bakinsa.

Ko a cikin ɗaki ma ba ta tsira sarai ba. A shekarar 2017 waɗansu likitocin dabbobi suka buga sakamakon binciken kyanwoyi 274, rabi an cire musu farata, rabi ba a taɓa su ba. Cikin kowace ɗari ta waɗanda aka yi wa aikin, 63 an sami guntun ƙashi da aka bari a yatsunsu, kamar tsakuwa cikin takalmi. An kuma tarar sun fi sauran ciwon baya, da yawan cizo, da yin fitsari ba a cikin akwatin yashin da aka ajiye musu ba. Ashe kyanwar Lamin Amurka ta saɓa wa karin maganarmu, ta bar yakushi ta ƙara cizo. Abin takaici, mai gidan da ya gaji da wanke darduma yana iya cewa ta koma waje da zama, ya miƙa ta ga karnuka da hannunsa.

Hukumomi sun fara sa baki tun da daɗewa. A shekarar 1987 aka ƙulla wata yarjejeniya ta kare dabbobin gida wadda ƙasashen Turai da dama suka sa wa hannu, ta hana cire farata sai don magani. Dokar Ingila ta 2006 ta haramta nakasa dabba ba dalilin lafiya, Isra'ila ta kafa tata a 2011. A Amurka ƙaramin birnin Holiwud ta Yamma ne ya fara a 2003. Jihar Niyok ta zama jiha ta farko a 2019, da tara har dala 1,000, sa'an nan Merilan ta bi a 2022. Dokokin nan sun bar ƙofa ga likita in ciwo ya ci yatsa, yankewa ta zama dole.

Kada kuma a zaci farce layar tsari ce. Karnuka biyu ko uku in suka rutsa kyanwa a fili, ba itace ba katanga, ko faratanta cikakku ne da wuya ta sha, balle 'yar jaririya ko tsohuwa. Don haka masu kiwonsu a can sukan kulle su da dare, ko su gina musu keji mai faɗi na waya a jikin taga. Don kujeru kuwa, akan kafa musu turke a naɗe shi da igiya su riƙa wasa farata a jiki, ko a riƙa rage tsinin kaɗan bayan mako biyu ko uku, ko a sa musu 'yan hulunan roba.

A garuruwanmu kyanwa ma'aikaciya ce, da faratan nan take tsare rumbu daga ɓera, katanga da soro kuwa sun ishe ta mafaka. Sai dai wanda ya haɗa kyanwa da karen gadi a gida ɗaya, ya kamata ya bar mata wurin hawa wanda kare ba ya kaiwa. In kuwa baƙon kare ne ya cije ta, a kai ta ofishin likitan dabbobi ran nan, a kuma hana yara taɓa ta, gama ciwon haukan kare yana kama kyanwa, daga gare ta kuma yana iya kama mutum.