Girman Dabba da Yadda Take Jure Sanyi da Zafi

Manomi, ka lura da tuwo. Malmala guda takan daɗe da zafinta, amma in aka gutsuttsura ta loma-loma, nan da nan sai ta huce, domin iska ta sami wurin taɓawa da yawa. To, haka jikin dabba yake. Ta fata ne da numfashi zafi da ruwan jiki suke fita. Ƙaramar dabba kuwa, in an gwada da nauyinta, ta fi babba yawan fata nesa ba kusa ba. Shi ya sa daren hunturun da bijimi zai kwana yana tuƙa abinsa, shi ne zai kashe ɗan tsako kafin asuba.

Ɗan tsakon da aka ƙyanƙyashe yau bai kai nauyin ƙwai ba, kuma ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa sai gashinsa ya fito sosai. In babu uwa, a makon farko yana bukatar ɗumi na digiri 32 zuwa 35, a riƙa ragewa kamar digiri 3 kowane mako. Ba lalle sai kana da ma'auni ba. Ka sa fitilar ƙwai ko kaskon garwashi mai murfi a akurki, ka zuba ido. In sun cunkushe jikin wuta suna tsiwa, sanyi ne. In sun watse gefe suna haki, zafi ya yi yawa. Amma fa kada ka toshe ko'ina, don hayaƙin gawayi ma yana kisa.

Haka ɗan akuya da ɗan tunkiya. In an haife su cikin sanyi, a goge musu jiki da buhu, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa, a kare gabas da arewa da zana, su kuma sha dakashi tun a sa'o'in farko. Zawo ma ya fi saurin kayar da su, gama ɗan ruwan jikinsu ba ya da wuyar ƙarewa. Kada a ce a bari sai gobe, a nemi malamin dabbobi.

Babbar dabba ita zafi ne matsalarta. Jikin ya yi kauri, ga tumbi yana ta dafa ciyawa yana ƙara wuta daga ciki, zafin kuma ba ya fita da sauri. Dubi Bunaji da Rahaji: dogayen ƙafafu, gajeren gashi, ga fatar nan da ke reto a ƙarƙashin wuya. Tumakin Uda da Balami su ma dogaye ne masu manyan kunnuwa. Wannan ƙira tana ba iska wurin bugawa. Saniyar Turai mai yawan madara ba ta da ita, don haka ne a Shika, kusa da Zariya, aka yi ta barbarar ta da Bunaji. Wanda ya sayo tsantsarta ya ɗaure a rana ya sayi wahala da kuɗinsa.

Saboda haka da bazara a ɗaura wa shanun huɗa ko na amalanke aiki da sassafe ko da la'asar. Da tsakar rana a kai su inuwa, a ajiye musu ruwa. Manyan kaji kuwa ba sa yin gumi ko kaɗan, haki ne babbar hanyar da suke rage zafi idan ya tsananta. Kada a cunkusa su, kuma a sake musu ruwa mai sanyi da azahar.