Augusta: Filin da Masu Ɗaukar Jaka Suka Fi Kowa Sani

 Yau tafiyar da nisa, sai garin Augusta da ke jihar Jojiya a kudancin Amurka. A can akwai wani filin ƙwallon lambu, wato golf, mai suna Augusta National, inda ake yin gasar Masters da aka saba gudanarwa a watan Afrilu. Duk mai riƙe sandar wasan nan a duniya yana da burin ya taka wannan ciyawa, amma ƙalilan ne ƙwarai ake buɗe wa ƙofa. Za mu zaga filin tare, mu ji yadda ake buga shi, mu kuma ji labarin mutanen da suka fi kowa saninsa.

Ga wanda bai saba da wasan ba, ƙa'idarsa ba wuya. Ramuka 18 ne, kowanne da wurin da ake fara bugu da kuma dandalin lallausar ciyawa inda ramin yake. Faɗin ramin bai kai santimita 11 ba. Ɗan wasa na da izinin sanduna 14 a jakarsa, kuma wanda ya gama zagayen da bugu mafi ƙaranci shi ne gwani. A Augusta bugu 72 aka ƙayyade wa ƙwararre.

A gaɓar tekun Skotland wasan ya tashi, a wurare irin su St Andrews, inda ƙasa yashi ce, bishiya sai nan da can, iska kuwa ba ta hutawa. A can ana mirgina ƙwallo a ƙasa ne don a guje wa iska. Augusta daga ɗaya dangin yake, dangin filayen cikin ƙasa masu dogayen bishiyoyi da tafkuna da rafuka da ciyawa mai laushi. Wanda ya taɓa leƙa filin IBB da ke Abuja ya ga irin tsarin. A fili irin wannan ta sama ake aika ƙwallo, a sauke ta daidai inda ake so ta tsaya.

Kafin a fara buga ƙwallo a nan, gona ce. Da farko gonar baba ce ta yin shuni, kuma gidan da mai gonar ya gina a 1854 shi ne zauren kulob ɗin har yau. Daga baya wasu iyali 'yan Beljiyam, su Berckmans, suka sayi wurin suka mai da shi lambun renon itatuwa mai suna Fruitland, suna shigo da iri daga ƙasashe daban-daban. Shi ya sa kowane rami a filin yake da sunan fure ko bishiya, shi ya sa kuma baƙo yake shiga ta wata hanya mai tsawon yadi 330 wadda bishiyoyin magnoliya kusan 60 suka yi wa rumfa, tsofaffin bishiyoyi da aka shuka tun kafin yaƙin basasar Amurka.

A 1930 wani lauya ɗan Atlanta, Bobby Jones, ya cinye manyan gasa huɗu na zamaninsa a shekara guda, sannan ya ajiye gasa yana ɗan shekara 28, bai taɓa buga wasa don kuɗi ba. Yana neman wurin da zai buga da abokansa ba tare da cincirindon 'yan kallo ba. Shi da wani attajirin New York, Clifford Roberts, suka sayi eka 365 na tsohon lambun a kan dala dubu 70 a 1931, suka ɗauko Alister MacKenzie, likita ɗan Birtaniya da ya koma zanen filayen wasa. An yi bikin buɗewa a watan Janairun 1933. MacKenzie ya rasu a farkon 1934, bai ga gasar farko da aka yi a wannan shekarar ba. Lokaci ne na karyewar tattalin arziki, har membobi suka yi wuyar samu, kuma a yaƙin duniya na biyu shanu da talo-talo aka yi kiwo a filin.

Yau labari ya sha bamban. Ba a cika takardar neman shiga kulob ɗin, su ne ke aiko da gayyata. Membobin sun kai kimanin 300, kuma kulob ba ya bayyana sunayensu. Baƙo ba ya bugawa sai memba na tare da shi. Daga ƙarshen Mayu zuwa Oktoba, lokacin tsananin zafi, rufe filin ake yi. A lokacin gasa ko wayar hannu ba a shiga da ita. Tsohon shugaban Amurka Dwight Eisenhower ya kasance memba, kuma akwai wata bishiya a rami na 17 da ƙwallonsa ta yi ta karo da ita. A taron kulob na 1956, yana kan mulki, ya nemi a sare ta. Roberts ya tashi taron nan take. Bishiyar ta ci gaba da tsayuwa har 2014, lokacin da ruwan ƙanƙara ya farfasa ta.

To, a ce an gayyace ka, mai sauraro. Abin da zai fara ba ka mamaki shi ne tudu da gangare, domin talabijin na shafe su. A rami na 10 kaɗai, daga wurin bugun farko zuwa can ƙasa an gangara fiye da mita 30. Abu na biyu, hanyoyin suna da faɗi. Jones da MacKenzie sun so ɗan wasa mai matsakaicin ƙarfi ya ji daɗin wasansa, kada ya wuni neman ƙwallo a daji. Tarkunan yashi ma 44 ne kacal a filin duka. Wahalar tana jira ne a dandalin rami. Ciyawarsa an aske ta ƙwal, tana da santsi, ƙasar kuma ta lanƙwashe ta ko'ina. Ƙwallon da ta sauka taku biyu daga inda ya kamata sai ka ga ta juya a hankali, ta kama gangare, ta bar dandalin gaba ɗaya.

Kada kuma a ɗauka koren nan da ake gani haka Allah ya bar shi. Kowace kaka sai an watsa irin wata ciyawa mai son sanyi a kan ta asali mai son zafi. A ƙarƙashin dandalin ramuka akwai bututu da injinan zuƙe ruwa. Farin yashin nan daga ma'adinan Spruce Pine a jihar Carolina ta Arewa ake kawo shi. Filaye da yawa a duniya sun jefa kansu cikin ɗawainiyar ruwa da taki suna son su yi kama da Augusta, alhali ba su da aljihunsa, ba su kuma iya rufe ƙofa wata huɗu ko biyar su gyara. A ganina wannan kwaikwayo ɓarna ce.

Mu gangara can ƙasan filin, inda rafin Rae yake ratsawa. Nan ramuka na 11 da 12 da 13 suke, kusurwar da marubucin wasanni Herbert Warren Wind ya raɗa wa suna Amen Corner a 1958. Rami na 12 shi ne mafi gajarta a filin, yadi 155, bugu 3 aka ƙayyade masa. Rafi a gaba, yashi a gaba da baya, dandalin kuwa siriri ne. Babbar matsalar iska ce. Tana shigowa ta tsakanin dogayen bishiyoyi ta yi ta juyi, har tutar rami na 11 ta nuna gabas, ta 12 ta nuna yamma. A 1980 Tom Weiskopf ya jefa ƙwallo biyar a ruwan nan, ya fita da bugu 13. A 2016 Jordan Spieth yana kan gaba a ranar ƙarshe ya jefa biyu, kofi ya kuɓuce masa zuwa hannun Danny Willett. A 2019 huɗu daga cikin masu neman kofin suka faɗa ruwan, Tiger Woods kuwa ya ƙyale tuta, ya aika ƙwallonsa tsakiyar dandali inda babu haɗari, ya je ya ci gasar karo na biyar. Shekara guda bayan haka shi ma ramin ya ci masa bugu 10.

A irin wannan wuri ɗan wasa ke juyawa ya dubi mutumin da ke riƙe masa jaka. Kuma a nan ne, jama'a, labarin da ya fi damuna yake.

Tun daga gasar farko har zuwa 1982, dole ne duk mai buga Masters ya ɗauki ɗan jakar kulob, kuma dukkansu baƙar fata ne. Yawancinsu daga unguwar Sand Hills suka fito, ba nisa da filin. Farar rigar aiki mai haɗe da wando suke sawa, da koriyar hula, sunan ɗan wasan a bayansu. Ɗaukar jaka shi ne mafi ƙanƙantar aikinsu. Su ne ke ƙiyasta nisa da ido, su zaɓi sanda, su karanta iska, su faɗi ta inda ƙwallo za ta karkata. Yadda baƙo ba ya haye kogi sai da ɗan kwale-kwalen garin, haka gwanayen duniya suke a hannunsu.

Malaminsu shi ne Willie Stokes, wanda ake kira Pappy. A kan ƙasar nan aka haife shi a 1920, iyayensa na noma a wurin. Yana yaro ya riƙa kai wa leburori ruwan sha lokacin da ake gina filin, ya kuma riƙa lura da inda ruwan sama ke bi idan ya sauka. Daga nan ya gane cewa filin duka rafin Rae yake fuskanta, don haka ƙwallo ma can take son zuwa ko da ido ya ce akasin haka. Sau biyar wanda yake riƙe wa jaka ya ci Masters, biyu daga ciki da Ben Hogan a 1951 da 1953. Nathaniel Avery ya raka Arnold Palmer duk nasarorinsa huɗu. Willie Peterson ya raka Jack Nicklaus biyar daga cikin shida. Carl Jackson ya fara ɗaukar jaka a gasar a 1961 yana ɗan shekara 14, ya yi Masters fiye da 50. A 1995 Ben Crenshaw ya iso wasansa a rikice, malaminsa Harvey Penick kuma ya rasu a makon. Jackson ne ya lura da yadda yake tsayawa, ya ce ya ɗan ja ƙwallon baya. Crenshaw ya je jana'iza ranar Laraba, ya dawo ya ci gasar ranar Lahadi, ya sunkuya yana kuka, Jackson ya dafa shi.

Waɗannan mutane sun san kowane taku na filin, amma shekara 41 aka yi da fara gasar ba a ga mai irin fatarsu yana bugawa ba. Ƙungiyar ƙwararrun 'yan wasan Amurka kanta sai a 1961 ta soke dokar da ta keɓe membobinta ga farare. Charlie Sifford ya ci gasa a 1967 da 1969, ba a taɓa gayyatarsa ba. Sai a 1975 Lee Elder ya shiga, bayan ya ci gasar Monsanto a 1974. Barazanar kisa ta yi masa yawa har ya kama hayar gida biyu a garin, yana sauya wurin kwana.

A 1983 kulob ya ba 'yan wasa damar zuwa da masu jakarsu, bayan sun daɗe suna nema. Da ɗai-ɗai aka daina ganin mutanen Sand Hills a makon gasa, daidai lokacin da kuɗin gasar ya fara hauhawa, kason mai jaka ya zama abin da zai iya sauya rayuwar iyali. 'Yan wasan suna da hujja, kowa ya fi son wanda ya saba da shi duk shekara. Amma ni dai ina ganin an bar waɗanda suka yi shuka ba su ga kaka ba, kuma kulob mai wannan dukiya yana da ikon yi musu tanadi tun a lokacin. Avery ya rasu a 1985 cikin talauci, kabarinsa ya shekara fiye da 30 babu ko dutsen shaida.

Ƙofar zama memba ta fi jinkirin buɗewa. A 1990 aka yi ca a kan kulob ɗin Shoal Creek na jihar Alabama saboda ƙin karɓar baƙar fata, kamfanoni suka janye tallarsu daga gasar da za a yi a can. A wannan shekarar Augusta ta karɓi baƙin mutum na farko, Ron Townsend, wani babban jami'in kamfanin talabijin. A 1997 Tiger Woods, yana ɗan shekara 21, ya ci Masters da tazarar bugu 12, Lee Elder yana wurin yana kallo. Mata kuwa sai a 2012 suka samu zama membobi, lokacin da aka karɓi tsohuwar sakatariyar harkokin waje Condoleezza Rice da wata attajira, Darla Moore.

A 'yan shekarun nan kulob ɗin ya fara waiwaye, kuma ya kamata a faɗa. A 2020 ya kafa tallafin karatu da sunan Lee Elder a Kwalejin Paine, makarantar baƙar fata mai dogon tarihi a garin Augusta. A 2021 ya gayyaci Elder bikin buɗe gasa tare da Nicklaus da Gary Player na Afirka ta Kudu, ko da yake jiki bai bar shi ya yi bugu ba, kuma a watan Nuwamban shekarar ya rasu. A 2023 kulob ya sanar zai sa hannu a gyaran filin gwamnatin gari da ake kira The Patch, inda masu ɗaukar jaka suke zuwa su buga nasu wasan. Hanyar shiga wannan fili tana ɗauke da sunan Jim Dent, ɗan garin da ya fara da ɗaukar jaka a Augusta National, ya zama ƙwararre, ya ci gasa 12 a rukunin manyan 'yan wasa masu shekara 50 zuwa sama. Filin na kowa ne, wanda ya biya kuɗin shiga zai buga.