Shatin Hoto a Shafaffen Allon Kwamfuta: Musabbabi, Magani da Matsalar Suna

1.0 Gabatarwa

Tun daga shekarar 2015, lokacin da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, ɗakunan kwamfuta suka ƙaru a manyan garuruwan Nijeriya, ciki har da Jalingo, hedkwatar Jihar Taraba. A irin waɗannan ɗakuna, da shagunan buga takardu da ofisoshi, akan bar shafi guda a kan allo tun safe har yamma. Wani lokaci idan aka rufe shafin sai a ga alamarsa dishi-dishi ta ƙi gushewa. A Jalingo, inda Hausa ce harshen ciniki tsakanin Fulani da Mumuye da Kona da sauransu, hukuncin da akan yanke shi ne "allon ya ƙone". Wannan maƙala za ta nuna cewa a mafi yawan lokuta babu abin da ya ƙone, kuma kuskuren suna kan sa a yi asarar allon da hutu kawai yake bukata.

2.0 Asalin Kalmar "Ƙonewa"

Kalmar gado ce daga tsohon allo mai ƙeya. Fuskarsa ta ciki shafe take da sinadarin fosfo, wanda ke haskawa idan tartsatsin lantarki ya buge shi. Gurbin da aka daɗe ana bugu yakan gaji, haskensa ya ragu har abada. A nan kalmar ta dace. Haka ma allon filasma, wanda shi ma da fosfo yake aiki, kuma manyan kamfanoni irin su Panasonic da Samsung suka daina ƙera shi a 2014. Sai dai masu magana sun faɗaɗa ma'anar "filasma" ta game kowane shafaffen allo, kamar yadda "omo" ta game kowane garin sabulu. Da sunan ya yi ƙaura, sai ya tafi da cutarsa.

3.0 Abin da ke Faruwa a Allon LCD

Allon LCD ba shi da fosfo. Fitila ce a bayansa, a gabanta kuma akwai wani siririn ruwa mai ɗabi'ar ƙarau, irin wanda Friedrich Reinitzer ya gano a birnin Farag a 1888. An rarraba fuskar allon zuwa ɗige-ɗige. Allo mai awon 1920 da 1080 yana da ɗigo 2,073,600, kowanne da kashi uku: ja da kore da shuɗi. Lantarki ne ke murɗa ƙwayoyin ruwan a kowane ɗigo, su buɗe wa haske hanya ko su tare, tamkar marfin taga.

Ruwan ba ya rasa 'yan gurɓatattun ƙwayoyi masu ɗauke da caji. Idan hoto bai motsa ba tsawon sa'o'i, sai waɗannan ƙwayoyi su taru a gefe guda na ɗigon. Bayan an sauya hoto, cajin da ya taru yakan ci gaba da jan ruwan zuwa matsayinsa na dā, shi ne ido ke ganin saurar tsohon shafi. Zafi yana ƙara wa ƙwayoyin saurin tafiya, abin lura ga Jalingo, inda zafin Maris da Afrilu kan haura digiri 35. Abin mamaki, yawan ɗaukewar wuta kariya ce ta wannan fuska. Wuraren da ke da sola ko janareta, inda allo ba ya mutuwa, su suka fi kusa da matsalar.

4.0 Magani

Tunda taruwar caji ce, maganinta shi ne a ba shi damar watsewa. Hanya mafi inganci ita ce kashe allon. Kamfanin NEC ya shawarci masu amfani da allunansa da su kashe su gwargwadon tsawon lokacin da hoton ya yi a tsaye, wato sa'a ɗaya ga sa'a ɗaya. Wanda ya yi makonni yana iya neman kwanaki. Wasu kan cika allon da fari tas ko su sa hoto mai motsi ya kwana yana juyawa. Wannan ma yana taimakawa, ko da yake farin allo hutu ne ga wasu nau'o'in LCD kawai, domin a nau'in IPS baƙi ne matsayin hutun ruwan. Saboda haka kashewa ta fi, don ba ta bukatar sanin nau'i.

Rigakafi kuwa sauƙi gare shi: a saita kwamfuta ta kashe allo bayan 'yan mintuna ba a taɓa ta ba, a rage ƙarfin haske, a kuma nisanta allon da taga mai rana. Danna fuskar allo da yatsa, wanda wasu ke yi, ɓarna ce zalla.

Wajibi ne a ware allon OLED na wasu wayoyi da sababbin kwamfutoci. Shi kowane ɗigo da kansa yake ba da haske, kuma yana tsufa da aiki, shuɗi kan gaba. Idan alamarsa ta kama sosai, ba ta tashi.

5.0 Batun Suna

Littafin keɓaɓɓun kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 ya shafi nazarin harshe da adabi ne, amma tafarkinsa na fara duba rumbun Hausa kafin aro yana da amfani a nan. "Inuwa" ba ta dace ba, domin inuwa tana bin mai ita, wannan kuwa tana zama bayan mai ita ya tafi. Gara a bar "jan inuwa" ga wata matsala dabam, wato dishi-dishin da ke bin abu mai gudu a allo mai nawa. "Kufai" ta yi nauyi, don kufai ba ya komawa gari da kansa.

Wadda ta fi dacewa ita ce "shati". Wanda ya kwana a kan tabarma yakan tashi da shatinta a kunci, kafin hantsi ya baje. Kishiyarta "tabo" ce, wadda kowane mai jin Hausa ya san ba ta gushewa. Ke nan a ce "shatin hoto" ga LCD, "tabon allo" ga mai ƙeya da filasma da OLED. Mai shago da aka ce wa allonsa ya yi shati zai kashe shi ya jira gobe. Wanda aka ce wa ya ƙone, kasuwa zai nufa.