Itacen Da Ya Faɗi Da Kansa

Ya 'yan'uwana mata, wannan mako zancenmu na itacen girki ne. Duk wadda ta tsaya da hantsi a bakin hanyar da ta shigo gari daga ƙauye, za ta ga 'yan mata jere, kowace da gammo da ɗaurin itace a kanta. Mu na cikin gida sai dai mu karɓa mu hura wuta. Ba mu cika tambaya ba ko tsinto shi aka yi a ƙasa, ko kuwa sare shi aka yi yana da rai. Alhali kuwa tsakanin biyun akwai rata mai yawa.

Ɗanyen itace, watau wanda aka saro daga bishiya mai rai, kusan rabin nauyinsa ruwa ne. Ashe ke nan yarinyar da ta ɗauko shi daga nesa, rabin wahalarta ta ɗaukar ruwa ce. In kin sa shi a murhu, sai wuta ta busar da ruwan tukuna kafin ta kula da tukunyarki. Shi ya sa ki ke ganin kumfa na fita a gindinsa, ga hayaƙi ya turnuƙe madafi. Hayaƙin nan ba abin wasa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutum wajen miliyan 3 da dubu 200 suka rasu saboda gurɓatar iskar cikin gida, wadda galibinta daga wutar girki ta ke. Ki tuna fa, jaririn da ke goye a bayanki shi ma shaƙa ya ke yi.

Busasshe ba wuyar ganewa gare shi. Ba shi da nauyi, ɓawonsa na saɓulewa, bakinsa ya tsattsage. In kika gwara biyu za ki ji sun yi ƙara ras. Amma ba kowane busasshe ne na kirki ba. Kirya ita ce gaba, tana daɗewa tana ci, garwashinta kuma ba ya saurin mutuwa, shi ya sa maƙera ke son gawayinta. Marke ma ba baya ba. Sabara da kalgo sun fi kyau wajen ƙirare, na tayar da wuta. Kuka kuwa kada ki wahal da kanki, cikinta duk laushi ne. Tumfafiya kuma ƙaiƙayinta ya fi amfaninta, don ruwanta mai kama da nono in ya shiga ido yana yi masa lahani. Haka nan wanda gara ta cinye, ko ya ruɓe, a bar wa ƙasa kayanta, taki zai zama.

Ku 'yan mata masu zuwa daji, ga gargaɗi. Kada ki taɓa cusa hannu ƙarƙashin gungume. Ki sa sanda ki juya shi tukuna, gama nan ne maɓoyar kunama da kububuwa. Mutanen Kaltungo, inda a ke da asibitin masu sarar maciji, sun san abin da kububuwa ke yi. Ku sa takalmi, ku tafi cikin ayari, ku komo tun rana ba ta yi sanyi ba. Sa'an nan itacen da ya faɗi cikin gonar wani, na mai gona ne, sai an roƙa. Gandun daji na gwamnati kuma yana da dokokinsa, a tambayi ma'aikatansa kafin a shiga.

To, na san abin da waɗansu za su ce: Malama, ai busasshen ya ƙare kusa da gari, in ba a sara ba da me za a dafa tuwo? Gaskiya ne ya yi nisa. Amma sarar da a ke yi ita ce ke ƙara masa nisa. Ku ji abin da ya faru a ƙasar Maraɗi, cikin Jamhuriyar Nijar. A shekarar 1983 wani Bature mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura da cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace bazara, kututturan bishiyoyi ne masu rai. Sai aka shiga barin rassa kaɗan masu ƙarfi a kowane kututture, a rage sauran. Sannu sannu abin ya bazu har ƙasar Damagaram, har masana suka ƙiyasta bishiya wajen miliyan 200 sun komo gonaki. Abin da ya fi daɗaɗa mini rai cikin labarin nan shi ne, rassan da a ke ragewa kowace shekara su ne itacen girki, ga shi kuma a gonar gida. Wannan magana ce da ya kamata kowace mace ta kai wa maigidanta kafin lokacin sassabe.

Mu ma akwai namu aikin, musamman don 'ya'yanmu 'yan makaranta. Abin takaici ne yarinya ta shigo aji an ci rabin darasi, wuyanta na ciwo, wai an aike ta itace tun asuba. A tara itace da rani, ranakun da babu makaranta, a jera shi bisa duwatsu don kada gara ta hau, a rufe shi cikin rumfa kafin ruwa ya sauka. Murhun duwatsu uku yawancin zafinsa iska ke kwashewa, saboda haka ki kewaye shi da yumɓu, ki bar ƙofa ɗaya ta sa itace da 'yar kafar fitar hayaƙi. Ki jiƙa wake tun dare, ki riƙa rufe tukunya. In kin sauke girki kuma, ki zare sauran itacen ki turbuɗe shi cikin yashi, gobe da shi za ki dama koko.